Ranar da Na Yi wa Kifin Hawaja Magani

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da wata Laraba a Damazin ta ƙasar Sudan ba, zamanin da ake ginin hazzan, wato madatsar ruwan nan ta Rusairis. Ina saurayi lokacin, ƙarfi kamar na bijimin sa, kai kuwa fanko.

Mu masunta ne tun asali. Kakanmu ya baro Argungu da niyyar hajji, guzuri ya ƙare masa a bakin Nilu, ya zauna ya ci gaba da su. Saboda haka duk zuriyarmu babu wanda ya taɓa ganin teku, amma in ana zancen kifi ba ma barin kowa ya yi tari.

Kawuna Ɗanjumma shi ke dafa wa wani hawaja abinci, wani Bature injiniya, shekara da shekaru. Hawajan na da akwatin gilashi a falo cike da kifaye masu launi, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, waɗanda ya kawo daga Bahar Maliya. Da ya nemi mai kula da su, Kawu ya dafa ƙirji ya ce ga ɗan ƙanwarsa, a ruwa aka haife shi. Aikina in ba su abinci, in goge gilashi, shi ke nan. (Ni kuwa a ƙauye na ce likitan kifi aka ɗauke ni. Allah Ya yafe mini.)

Sai hawaja ya yi tafiya Hartum. Bayansa na lura kifayen sun canza. Suna goga jikinsu da duwatsu kamar akuya mai ƙaiƙayi, ga fararen ɗigo-ɗigo a fatarsu kamar an barbaɗa gari. Kunnuwansu, inda suke numfashi, sai buɗewa suke suna rufewa da sauri, ɗaya ma ya taso sama yana haki. Na tsoma yatsa na lasa. Wayyo! Gishiri zalla!

Na ruga madafa. "Kawu, na gano cutar! Gishiri ke cin fatarsu. Mu da muke zuba wa kifi gishiri in za mu shanya shi, yaya mai rai zai zauna a ciki?"

Kawu bai ko ɗago daga yankan albasa ba. "Kai yaro, ruwan ga a ganga aka kawo shi tun daga Bur Sudan, bakin teku. Bar shi, jira mai shi."

"Cutarsa suke yi, Kawu, ruwan rijiya mai zartsi suke sayar masa!"

"Ni dai na hwaɗa maka."

Ban ji ba. Na ɗauki garwa na yi ta safa da marwa zuwa kogi, na kwashe ruwan hawaja tas na watsar a bayan gida, na cika akwatin da ruwan Nilu mai daɗi, har da tacewa da rawanina. Da farko wallahi sun daina gogar dutse. Na fita na kirawo direbobi da mai gadi su zo su ga aikin gado.

Muna tsaye ina bayani, hannu a ƙugu, kifi na farko ya juya ciki sama. Na ce hutawa yake yi. Na biyu ya bi shi. Kafin la'asar duk sun huta, kuma daidai lokacin motar hawaja ta tsaya a ƙofa.

Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya durƙusa ya ɗaga ɗaya, ya buɗa kunnensa da tsinke, ya nuna mini jan da ke ciki da farin ɗigon. Cikin gurɓataccen Larabcinsa ya ce wasu ƙananan ƙwari ne ke manne wa fata da kunne, su ke sa ƙaiƙayi da haki. Wai har ruwan daɗi yana kakkaɓe su, in an tsoma kifin ɗan jim kaɗan aka mayar da shi cikin nasa ruwan. Ashe na riƙo bakin maganin, jakancina ne ya ɗura musu shi yini guda. Wannan ta fi yi mini ciwo har gobe.

Sannan ya juya ga Kawu ya ce, "Kai ka ce a ruwa aka haife shi." Mai gadi ya tuntsire da dariya. Kawu ya kwance ƙyallen girkinsa ya ninke a hankali. Tare aka sallame mu.

Ni yaro ne, na koma wa tarun ubana. Kawu kuwa da furfurarsa ya ƙare a tsinkar auduga a Jazira, rana na dukan ƙeyarsa, mutumin da ya saba aiki a inuwa. Bai taɓa zagina ba, ko sau ɗaya. Sai dai duk ranar da aka kawo miyar kifi muna tare, yakan turo mini gishiri gabana ya ce, "Likita, a sa ko a cire?"

Tun daga nan, in na ga abin da ban sani ba yana ƙaiƙayi, nakan maida hannuna aljihu in jira mai shi.