Kullun Wainar Surukata a Kan Sabon Tayil

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yata ta fari ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina.

Lokacin ina tuƙa motar kaya a Madinar Masana'antu ta Jidda, sai aiki ya kai ni Tabuk, can arewacin Saudiyya, ana tsakiyar sanyi. A gidan da na sauka na taka ƙasa ba takalmi, na ji ɗumi. Mai gidan ya ce wayoyin lantarki ne aka shimfiɗa a ƙarƙashin tayil. Nan take abin ya shiga raina. (Ban tsaya na tuna a Jidda nake zaune ba, garin da ruwan famfo ma sai an bar shi ya huce.)

Da matata ta tafi haihuwa gidansu a unguwar Bagdadiyya, na ce bari in gyara mata kicin. Aka fasa tsohon tayil, aka shimfiɗa wayoyin, aka ɗora sabo. Ban gaya wa kowa ba, so nake ta dawo in burge ta. Makunnin ma a bayan firji na sa aka ɓoye shi.

To, surukata Hajiya sana'arta waina, kuma duk Bahaushen da zai yi biki a nan ita yake nema. Ana gobe suna ta zo gidanmu tare da mai jego da robobin kullu, ta jera su a ƙasan kicin, ta rufe don su tashi kafin safe. Ni kuwa na lallaɓa na kunna abina in gwada, aka kira ni kan maganar rago, na fice ban kashe ba.

Da safe kullu ya tumbatsa ya malale har bakin ƙofa, tsaminsa na hawa kai. Na tarar da Hajiya tsugune a gaban robobin, ƙawayenta sun kewaye ta.

"Halas, shi ke nan, hannuna ya tashi aiki," ta ce. "Yau da wane ido zan kalli mutane?"

Wata ƙawarta ta dafa ƙasa za ta miƙe, sai ta zabura. "Ba hannunki ba ne! Ku taɓa ku ji. Gidan nan akwai mutanen ɓoye. Yalla, maza a kira malam!"

Gaskiya na so in bar aljanu su ɗauki laifin, tunda ba za su musa ba. Amma da na ji Hajiya ta rantse ta bar waina daga ranar, tausayinta ya kama ni. Na shiga, na ja firji gefe, na kashe makunnin, na yi bayani kaina a ƙasa.

Surukata ba ta dube ni ba. Ta juya ga 'yarta ta ce, "Tambayi mijinki, sanyin me yake ji a Jidda?"

Dafaffiyar shinkafar kanti baƙi suka ci maimakon waina. Hajiya ta sa aka tsayar da ni a bakin ƙofa, duk matar da ta tambayi waina in gaya mata da bakina abin da na binne a ƙarƙashin tayil. Kuma babu wadda ba ta tambaya ba.

Tun daga nan, in na ga abin sha'awa a garin wasu, sai na dawo gida na buɗe taga na ji iskar garinmu tukuna.