Ranar da Manhajata Ta Roƙi Rakiya a Gaban Babanta

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Sana'ata rubuta manhaja, a nan Daura. Na daɗe ina fama da wata manhaja mai haifar manhajoji: ka faɗa mata sunan mai sana'a da abin da yake sayarwa, ta tsara masa tasa, ta ƙunshe, sai dai a zuba a waya. Babban abin taƙamata shi ne kowa na iya ɗora nasa ƙarin a kai, ba sai ya tambaye ni ba. (Wai ni nan na waye.)

A lokacin Rakiya, wadda nake nema, ta yi fushi ta daina ɗaga wayata. Akwai wani gurbin gwaji a cikin manhajar da ba ya fitowa a fuskar waya, sai na rubuta abin da ke cina a ciki. Tunda ba a gani, ban goge ba.

Ranar nuna aikin, a shagon kwamfutar abokina Nura, dillalan dabbobin da nake sa ran za su ba ni aiki suka hallara. Shugabansu kuwa Alhaji Sada ne, mahaifin Rakiya. Nura ya raɗa mini, "Na ɗora wani ƙari jiya, yana karanta komai da murya saboda waɗanda ba su yi boko ba." Na ce madalla, ai don haka aka yi ta.

Na haɗa wa Alhaji tasa, aka jona da lasifika, ya danna. Sai ga murya tiryan-tiryan:

"Rakiya, don girman Allah ki ɗaga wayata. Ko tuwo ba na iya ci."

Na kai hannu in kashe, garin sauri na sake kunnawa. Ta maimaita. Wani dattijo ɗan Mai'adua ya ce, "Wace Rakiyar?"

Alhaji ya ajiye wayar a hankali. "Yaro, a wayar kowa haka za ta riƙa faɗi?"

"Za a gyara, Baba."

"Allah ya ba ka lafiya. Je ka ci tuwo." Ya saɓa riga ya fita, sauran suka bi bayansa.

Aikin dai bai zo ba. Da yamma Rakiya ta kira ni da kanta, ta ce kada ta ƙara ganin ƙafata a layinsu. Har yau in na ratsa kasuwar dabbobi sai an tambaye ni ko na fara cin abinci.

In kana da damuwa, ɗan'uwa, kai wa Allah kukanka. Kwamfuta ba ta iya riƙe sirri ba, balle ta sami lasifika.