Rasuwar Ɗan Dako, Katako Mai Taya Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu mai cike da ciwo, ni Inuwa Maiwada, harisi mai gadin benen nan da ke bayan gidan burodi a Al-Jaradiya, ina sanar da 'yan uwa mazauna Riyad rasuwar abokin aikina, Ɗan Dako. Ya rasu ranar Juma'a bayan la'asar, a gangaren Dir'iyya, a ƙarƙashin ƙafafun surukina Ghazali.

Ga wanda bai san marigayin ba, katako ne. Tsawonsa bai cika kamu biyu ba. Bayansa da kaushi kamar sanfefa, ƙasansa taya huɗu ƙanana. Na same shi a kasuwar gwanjo bayan yaƙin Kuwait, lokacin da Turawa ke zubar da kaya suna komawa gida. Yana kwance tsakanin mataccen fanka da takalmi wari ɗaya. A cikinsa an zana ƙoƙon kan mutum yana dariya. Na shafe shi da koren fenti tun ranar farko. Ba a shigo mini da wannan gida.

Na san asalinsa, kada wani ya zo ya koya mini. An haife shi don wasa. 'Ya'yan Turawa ke hawa irinsa suna zamewa a kan kwalta, suna tsalle, suna faɗuwa, iyayensu na tafi. Ni ban ga laifin katako ba. Ba a zaɓen gidan haihuwa. Na ɗauke shi na koya masa sana'a, ya koya.

Aikina ya haɗa da kawo wa mutanen bene gas da ruwan sha. Shagon gas yana can ƙarshen layi. Tun da ƙuguna ya fara gardama, marigayi ne ke ɗaukar tukunya, ni in riƙe mata wuya, mu taho tare har bakin lifta. Ya ɗauki jarkokin ruwa. Ya ɗauki buhun shinkafa. Ya taɓa ɗaukar firijin wani Bamisire, ya lanƙwasa, bai karye ba. Bai taɓa neman hutu ba, bai san zafin Yuli ba, ba ya shan fetur, ba ya shan shayi. Ɗigon man keken ɗinki ya ishe shi wata guda. Ba shi da igama, wato takardar izinin zama, amma babu ɗan sandan da ya taɓa tare shi.

Maganarsa kaɗan ce. A kan kwalta yakan ce gurrr. A kan tayil ɗin zaure yakan ce ƙwas, ƙwas, ƙwas. Matan bene da sun ji wannan sukan ɗora tukunyar abinci, sun san gas ya iso.

Ciwon ajalinsa ya faro ne daga kaset ɗin bidiyo. Ghazali, mijin 'yata Rufaida, direban kamfani ne. Yana da 'ya'ya uku da tumbi ɗaya. Ya kalli wannan kaset a ɗakin abokan aikinsa, ya zo mana cin abincin Juma'a bakinsa bai rufu ba. Wai yanzu duniya ta ci gaba. Wai akwai masu ɗaure katako a ƙafa su gangaro daga dutse a kan dusar ƙanƙara. Wai akwai masu hawan bangon ƙanƙara da gatari. Wai akwai masu bin ƙarfen matakala a kan katako irin nawa, har gasa ake yi musu a talabijin. Na tuna masa cewa a garin nan ƙanƙara a firiji take zama, ita ma sai da wuta. Ya ce ai kwalta ba ta ƙare ba. Ya ce shi dai yana son wasan da zai sa zuciya ta buga.

Sai ya hango marigayi a ƙarƙashin matakala, ya ce, "Baba, kana wulaƙanta abin nan. Ba don dako aka yi shi ba."

Na ce, "Kai ma ba don tuƙi aka haife ka ba. Ci abincinka."

Na tafi masallaci. Ya gaya wa matata Hansai wai zai ari katakon ya matsar da injin wanki. Ta ba shi. Ba na ganin laifinta, ta zaci magidanci ne.

Abin da ya biyo baya na ji shi daga bakin waɗanda suka raka shi, su ma duk masu gemu ne. Sun je inda titi ke gangarawa zuwa Wadi Hanifa. Ghazali ya naɗe jallabiya, ya hau, ya buɗe hannaye. Sun ce farkon tafiyar ta yi kyau. Marigayi bai saba gudu ba, amma bai saba ƙin umarni ba. Ya ɗauki surukina kamar yadda yake ɗaukar kowace tukunya, sai dai ita tukunya ba ta ihu. A ƙasan gangaren akwai tudun nan da ake ginawa don mota ta rage gudu. Ghazali direba ne, ya san da shi. Birki ne ya manta babu.

Kalmar marigayi ta ƙarshe ita ce ƙas. Ya rabu biyu.

Ghazali ya ci gaba da tafiya shi kaɗai na ɗan lokaci, sannan ya sauka a cikin ƙaya. Ya rasa haƙori ɗaya da fatar gwiwa. Na gode wa Allah da ya tsare wa jikokina ubansu, da gaske nake. Amma a rubuta cewa mai aiki ne ya mutu, mai wasa ya tashi ya kakkaɓe riga.

Marigayi ya bar tayoyi huɗu marayu, uku lafiya lau, ɗaya na ɗingishi. Ya bar igiyar da nake jansa da ita. Ya bar gidaje cike da tukwanen gas da ba su san hanyar shago ba. Ya bar ni.

Ga inda abin ya daina zama abin dariya. Ranar Lahadi na ɗauko tukunya a kafaɗa. Ban kai rabin layi ba na sauke, na zauna a kanta. A haka wakilin kafilina, ubangidan da izinin zamana ke hannunsa, ya same ni. Ya rage gilashin mota ya tambaye ni ko shaiba, wato tsoho, ya gaji. Na ce iska nake sha. Ya ce akwai wani saurayi ɗan Bangaladash da ke neman aikin gadi, ya ɗaga gilashi ya wuce. Igamata za ta ƙare bayan aikin Hajji. In kafili bai sabunta ba, sai jirgi. Gidan da nake ginawa a Gumel kuwa har yau sama ce rufinsa. Ban zo ƙasar nan da furfura ba. Ba zan koma da ita in kwana a kango don wani ya so zuciyarsa ta buga ba.

Jana'iza za ta kasance kamar haka. Ba za a yi salla ba, katako ne, ban haukace ba. Ranar Alhamis bayan la'asar za a ɗauki gawar daga ƙarƙashin matakala zuwa shagon Saidou kafinta. Ghazali ne zai ɗauke ta, a ka, ta babban layi, ba ta lungu ba. Saidou ya karɓi riƙon marayun. Zai ɗaura su a jikin wani ɓallin tsohuwar ƙofa idan ya sami sarari, kuma na ce masa kada ya yi gaggawa. Rabin gawar zai zauna a ɗakina. Ɗaya rabin Rufaida ta roƙa, za ta rataye shi a saman talabijin ɗinsu.

Masu zuwa ta'aziyya kada su kawo abinci. Kada kuma a ce mini a yi haƙuri, na yi. Wanda ya ji tausayi ya biya ta shagon gas ya taho da tukunya ɗaya.

Kafin magajin marigayi ya fito daga hannun kafinta, Ghazali ne zai riƙe muƙaminsa. Zai zo kullum kafin ya tafi kamfani. Wakili zai ga gas a ƙofar kowa, kuma ba ya tambayar a wuyan wa ya zo. Jiya surukin nawa ya fara. Ya tsaya a bakin lifta da tukunya a kafaɗa, na gaya masa lifta ta masu haya ce da ma'aikata, ba ta 'yan wasa ba. Bamisiren nan a hawa na huɗu yake. Da Ghazali ya sauko na tambaye shi zuciya. Ya ce tana bugawa.