Ba Wanda Ya Riƙe wa Maikano Agogo

"...Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya hanya, angona? Ya mutanen Gwanja? Don na san ba a kasuwar Wudil ka sayo goron nan ba."

Inna Yelwa ke nan, mahaifiyata, ran Juma'a da hantsi, tana zaune a tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida. Wanda take wa wannan sannu da zuwa Halliru ne, jikanta, ɗan yayana Labaran, wanda ta riƙe tun daga yaye. Tun rana ba ta yi zafi ba ta aike shi sayen goro, sai ga shi bayan awa biyu, jiƙe sharkaf da gumi.

Ni kuwa kwana uku ke nan raina a ɓace. Yaron nan ya zo na uku a gudun fanfalaki na jiha, an kira shi sansanin horo a Kano ran Litinin. Yaya Labaran kuma, wanda tun da kuɗin mai suka shigo ya zama ɗan kwangila ya sayi Fijo, ya aiko daga gidansa a Kano cewa a Litinin ɗin nan Halliru zai kama aikin akawu a sitonsa na siminti, wai shi bai haifi ɗan da zai riƙa zagaya gari da gajeren wando ba. Mutumin da sai ya huta sau biyu kafin ya hau benen ofishinsa! Mutum ɗaya ce ke iya tanƙwara Yaya, ita ce Inna, ita kuma ta ƙi cewa uffan.

Halliru ya durƙusa ya ajiye mata ƙunshin goro. "Mutanen Gwanja suna gaishe ki, amarya. Sun ce in tambaye ki, da wane haƙori za ki ci?"

"Da wanda na ci dukiyar mijina na fari. Shi kam namiji ne. Da shi na aika, da tuni na ci na manta."

"An fara! Yelwa, ki ji tsoron Allah. Kullum sai kin yi mini gori da tsohon mijinki?"

"In fasa? Miji biyu na yi, duka masu gudu. Ɗaya ɗan aiken hakimi, ya tashi daga Wudil da asuba da takarda a wuya, ya shiga Kano kafin masu koko su tashi. Ɗaya kuma a ba shi takalmin roba, a ba shi riga mai lamba, ya zo na uku. Na uku! Ko a layin famfo ba na son na uku."

Maikano take nufi, mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa. Ba ta taɓa kama sunansa ba, kuma ba ta taɓa gajiya da labarinsa ba.

"Mu saba'in da biyu muka tashi," in ji Halliru. "Shi fa? Shi kaɗai yake gudunsa, dole ya zo na ɗaya."

"Shi kaɗai? Kuraye ne ke raka shi."

"To ai in da kura a baya, ke ma kya shiga Kano kafin masu koko."

"Ka ga mara kunya! Ku da na ji an ce kowace kwana ana miƙa muku ruwa a kofi kamar masu jego, ga mota tana bin ku a baya tana kwashe waɗanda suka zube. Shi ko gada babu a zamaninsa."

"Yauwa, kin kawo kanki. Ba gada, wato sai ya zauna a kwalekwale ya miƙe ƙafa ya huta. Mu wa ya ba mu wurin zama?"

"Kwalekwale? Iyo yake yi, takarda a ka, ko ɗigo ba ya taɓa ta. Ran nan ma na soya waina na ɗaure masa ya kai wa yayata a Ƙofar Nasarawa, da ta kwance sai da ta hura ta kafin ta ci."

"A bayansa ya goya ta, tsohuwa. Ba zafin tanda ba ne, zafin gumi ne. Allah sarki yayarki, abin da ta ci!"

Sai da Inna ta jefe shi da mafici. Ni ban yi dariya ba. Na ce, "Inna, ran Litinin fa gata ce." Ko kallona ba ta yi ba.

"Bar ni da kishin mijinki," in ji Halliru, ya gyara zama. "Mu je ga manya na duniya. Akwai wani Bahabashe da ya yi wannan nisa a Turai, mil ashirin da shida da ɗoriya, ba takalmi a ƙafarsa, cikin awa biyu da kwata. Duniya ta ce an gama gudu. To na yanzu sun zo sun zaftare masa wajen minti shida. Kin ga na baya ba ya fin na yanzu."

"Shekara nawa tsakani?"

"Ta fi goma."

"Shekara goma ƙatti suna haki don su rage abin da bai isa in yi alwala ba? Su kuma da takalmi?"

"Da takalmi."

"To a tuɓe musu su sake. Wancan mara takalmin shi ne ɗan halak. Da ya zo neman aurena da na duba shi."

"Shi ma daga baya ya sa takalmi, ya ƙara sauri."

"Ashe shi ma ya lalace."

"Kin ji ki! To naki gwanin, awa nawa yake yi daga nan zuwa Kano?"

"Na faɗa maka, kafin masu koko..."

"Masu koko ba agogo ba ne. Wata tana tashi da hantsi, wata sai azahar in bai ƙare ba. Awa nawa, Yelwa?"

Inna ta ɓare goro, ta juya shi a hannu, ba ta kai baki ba.

"Ban sani ba," ta ce. "Ba wanda ya sani. Wa zai riƙe wa ɗan aike agogo? In ya isa, a karɓi takarda a ce ya koma. Shekara goma sha ɗaya yana yi. Ran da hakimi ya sayi basukur ya ba wani yaronsa, aka ce wa kakanka an gode, aka ba shi riga ɗaya. Kai ba ka san shi ba sai a labari. Ni na san gwiwoyinsa. Tambayi goggonka wa ke dafa ruwan gashi safe da yamma. Mutumin da ya mai da Kano bayan ɗaki, ƙarshe masallacin ƙofar gida sai an riƙe shi."

Gaskiya ta faɗa. Ni ce mai hura wutar.

"Shi dai saƙo yake ɗauke da shi," ta ci gaba, muryarta ta sauka. "In bai isa ba, wani ya kwana a ɗaure, ko wani gari ya rasa iri. Kai me kake ɗauke da shi? Ga mota ta cika titi, ubanka ma yana da ita. Ka ba ni dalilin da zan sa ka ka kashe gwiwarka hannu wofi."

Halliru ya sa hannu a aljihun wando, ya fito da tsamiya cikin tafi guda, ya zuba a gefen tabarmarta.

"Kin tambayi inda na tsaya. Tsamiyar nan ta mil bakwai a hanyar Kano, wadda kika ce a gindinta yake tsayawa ya sha ruwan gora ya ɗaure ɗamara, can nake zuwa kullum in taɓa ta in juyo. Yau na tarar katafila ta tuge ta, ana faɗaɗa titi. Wannan na samu na tsinto."

Inna ta dubi tsamiyar, ta daɗe tana dubanta.

"Dalili kuwa, ni ma ban iya faɗarsa da kyau ba," in ji shi. "Wajen mil ashirin ƙafa takan ce a tsaya. Sai in ji kamar akwai wani a gabana da jaka a wuya, ban taɓa ganin fuskarsa ba, ban kuma taɓa kamo shi ba. Ke kika sa mini shi a gaba tun ina kan cinyarki. In laifi ne, naki ne."

"Ba kuwa za ka kamo shi ba."

"Ta yaya za a sani? Kin ce ba a riƙe masa agogo ba."

A iya sanina, ranar ce ta farko da wani ya ƙure Inna a magana. Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta shiga ɗaki. Muka ji tana jan adaka. Da ta fito, tana riƙe da wata 'yar jakar fata da ta yi baƙi don tsufa, igiyarta ta sha ƙulli wuri uku. Ni kaina rabona da ganinta tun rasuwar Baba.

"Saudatu, ke da kika yi sakandare, ɗauko biro da takarda."

Na ɗauko da sauri, kafin ta sake shawara.

"Rubuta. Labaran, gaisuwa mai yawa. Bayan haka, mijina ba zai zo sito ran Litinin ba, yana da tafiya. Simintinka ya jira, ba inda za shi. In kana da magana, ka zo Wudil ka same ni, kuma ka zo a ƙafa. In ji uwarka."

"Inna, in sa har da 'a ƙafa'?"

"Ja masa layi a ƙasa."

Na ja layi biyu. Ta naɗe takardar ta sa a jakar, ta rataya wa Halliru a wuya.

"Ni ba na auren mai gudu hannu wofi. Ga saƙo. Gobe in an sallame asuba ka tashi daga ƙofar gidan nan, ka damƙa ta a hannun ubanka. In na ji ka hau ko jaki ne, ka ba ni takardata ta saki."

"Waina fa? Ba za ki ɗaure mini ba?"

"Don ka jiƙa ta da gumi? Ke kuma Saudatu, agogon nan na hannunki yana aiki, ko na ado ne?"

"Yana aiki, Inna. Amma gobe Asabar ina da wanki..."

"Wanki ya bi siminti su jira tare. Ki duba lokacin da ya tashi, ki hau motar farko, ki je ki zauna a ƙofar gidan yayanki. In ya iso ki rubuta, har da 'yan mintocin nan nasu da ba su isa alwala ba."

Halliru ya shafa jakar, yana murmushi. "To amarya, in aka rubuta aka ga na fi tsohon mijinki fa?"

Inna ta kwashe da dariya, har tana share ido da bakin zane. Ta tattara tsamiyar ta ƙulle a haɓar zanenta.

"Wa zai gani? Nasa ba a rubuta ba, ya tsira. Kai dai je ka. Miji biyu na yi masu gudu, ko ɗaya dai a riƙe masa agogo."