Gemuna na Wucin Gadi

Ana gobe ɗaurin auren 'yata na sayo maganin rina gemu a kasuwar Potiskum, don kada surukai su zo daga Gadaka su tarar da furfura. Matata ta duba kwalin, ta ɗora yatsa kan kalmar "temporary".

"Malam, wannan ba wucin gadi take nufi ba?"

Na gyara zama na ba ta darasi. Na ce a wajen Bature haka ne, amma a ƙasar nan fa? Ofishinmu na wucin gadi ne, tun ina saurayi muke cikinsa. Masinjanmu ma'aikacin wucin gadi ne, har ya yi jikoki. Saboda haka rinin nan sai ya raka ni kabari.

Washegari na fito cikin farar shadda, gemu baƙi wuluk, ina taku kamar ni ne angon. Rana ta take, gumi ya karyo. Ina tsaka da jawabin godiya na ga liman ya bar kallon fuskata ya koma ƙirjina. Ashe baƙin ruwa ne ke ɗiga daga haɓata. Na sa hannu in share, na shafe har kunne.

Baban ango ya matso ya raɗa min, "Alhaji, ƙuruciyarka na zuba."

Kafin a watse gemun ya koma fari. Tabon shaddar kuwa yana nan daram. Yanzu ko hadari ne ya haɗo, sai abokaina, da suka laƙaba min sunan "temporary" ɗin nan, su ƙwala min kira: "Tamfarare, shiga rumfa!"