Ranar da Garwa Ta Ƙi Sakin Kaina

Ba zan taɓa mantawa da lokacin da na ja garwar nan sama na ji ta cije ni a haɓa ba. Wata uku ke nan, amma ko ƙarar gwangwani na ji sai gabana ya faɗi.

Mu huɗu muka fara abin, a falon Malama Rifkatu, nas ɗin da ita kaɗai ke da talabijin a layinmu a Funtua. Kullum da yamma muna kallon katun ɗin Japan na mutanen ƙarfe. Daga kallo sai zane, daga zane sai taro duk hutun Kirsimeti. A shekara ta uku har 'yan Malumfashi da Dandume suka zo, muka ari aji a firamare, aka ce kowa ya yi shigar gwaninsa.

Ni kuwa (wai mai takardar sakandare, har da cin kimiyya) sai na yanke saman garwar kananzir, na huda idanu biyu, na lanƙwasa tsinin bakin zuwa ciki don kada a ga muninsa. Na kifa ta a kaina; shiga dai lafiya lau, har na zo ta ɗaya a gasar shigar. Fita ce ta gagara. Wari ya cika min hanci, numfashi ya fara sarƙewa. Na fashe da kuka, jama'a suka ƙara tafi, wai na iya wasa.

Ƙawata Saratu ce ta gane, ta ruga ta kira Baba. Baban da kullum yake cewa katun shashanci ne! Na ce shi ke nan, ni da taro har abada.

Sai na ji an ƙwanƙwasa garwar a hankali.

"Uwata, kina ciki?" (Sunan mahaifiyarsa gare ni.)

"Baba, mutuwa zan yi."

"Ba yau ba. Riƙe hannuna."

Haka ya ja ni ta tsakiyar kasuwa zuwa rumfar maƙeri, masu awon hatsi na ta tsiya: "Malam, ina ka samo wannan na'urar? Tana noma?" Da maƙerin ya doshi wuyana da almakashin ƙarfe, Baba ya cusa yatsunsa tsakanin fatata da tsinin. Nasa ne suka yi jini.

Ana kiran la'asar maƙerin ya ce, "To 'yammata, kin tsira. Kunnuwa biyu cif."

Baba ya juya tsagaggiyar garwar, ya daɗe yana kallon idanun da na huda.

"Baɗi ki yi da kwali," in ji shi.

Tun ranar, duk abin da zan tusa kaina ciki, sai na fara duba ta inda zan fito.