Damisar Tsauni Ta Sha Nonon Goɗiya

Allah ya yi maza a Kirgistan, amma da ya zo kan Jumakadir sai ya ƙara masa da gashin baki da usur. Shi ne shugaban sansanin hutun yara a can saman tsauni, inda makiyaya ke kai dawakai da bazara. Mu malaman da ke ƙarƙashinsa Damisar Tsauni muke ce masa, ko da yake damisar tamu a bene hawa na tara aka raine ta a birnin Bishkek, kuma ba ta iya barci sai da safa biyu.

Kwana goma yana horar da yara arba'in. Ya koya musu hura wuta har ashana ta ƙare, mai girki ta zo ta hura. Hawan doki kuwa daga ƙasa ya koyar da shi, da ɗan nisa.

"Ku 'ya'yan birni kun lalace!" in ji shi. "Ni jinin makiyaya ne. Kakana sai ya kayar da kyarkeci yake karyawa."

Ranar rufe sansani iyaye suka zo, tare da jami'ar ilimi da za ta yanke ko shi za a sake ba wa sansanin baɗi. Tsohuwa Burul, matar makiyayin da ke kusa da mu, ta kawo wa baƙi nonon goɗiya da ɗuminsa. Kowa ya san wanda bai saba ba rabin kofi yake sha, ya nemi wuri ya zauna.

"Ɗana, kaɗan-kaɗan," ta ce masa. "Wannan wankin ciki yake yi."

"Haba Apa, uwata, ni za ki koya wa?"

Ya kafa kai ya shanye kwano huɗu, ya share gashin baki, ya hau kan akwati da jawabinsa mai shafi goma sha biyu.

"Ya ku iyaye! Kun kawo mini 'yan tsaki, yau na mayar muku da gaggafa!"

A shafi na biyu cikinsa ya karɓe jawabin, har na sahun baya suka ji. Gumi ya keto masa. Ya dira, ya nufi makewayi a guje. Yaran, da ya hore su kan duk inda shugaba ya nufa a bi shi, suka rufa masa baya a layi suna waƙa. Suka kewaye makewayin, suka ƙame suna jiran umarni. Wallahi har tausayi ya ba ni.

Jami'ar ta jira minti arba'in, ta rufe jakarta, ta miƙa sansanin ga wani. Jawabin dai bai tafi a banza ba. Da shafi goma sha biyu Damisa ya shiga makewayin, da biyu ya fito.